Kwantenata ta ƙi ɗora cgroup, in buɗe mata duka ƙofofi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da sabar wani ɗan kamfani a nan Yamai, Ubuntu 22.04 ce a kanta. Ina son systemd, manhajar da ke tayar da ayyuka a Linux tana kula da su, ya yi aiki cikin kwantenar Docker, wato keɓaɓɓen wurin da Docker ke gudanar da manhaja a cikin sabar, amma ko na gwada ɗora cgroup a ciki da umarnin mount sai a hana ni, kuma /sys/fs/cgroup ba ya karɓar rubutu. Wani abokin aiki ya ce in ƙara `--privileged` in huta. Ya kuka gani? Daga mai karatunku, unguwar Wadata.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi wannan shawara. Aikin zai tashi, gaskiya ne, amma `--privileged` yana miƙa wa kwantena duka na'urorin sabar, har faifan da bayanan kamfani ke ciki. Duk wanda ya kutsa kwantenar ya shigo gida ke nan.

Shi cgroup, ta hanyarsa kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, ke yanka wa kowane rukunin ayyuka rabonsa na ƙwaƙwalwa da lokacin furosesa. Ya shigo a Linux 2.6.24 cikin 2008, siga ta biyu kuma ta tabbata a 4.5 cikin 2016. Ana sarrafa shi ne da rubutu cikin fayiloli: ka sa 2G a memory.max, ka yi iyaka ke nan. Wanda ke iya rubutu a wurin yana iya ɗage iyakarsa, shi ya sa Docker ke ɗora shi don karatu kawai, ya kuma cire ikon CAP_SYS_ADMIN wanda umarnin mount ke buƙata. AppArmor, tsarin tsaron da ke taƙaita abin da manhaja za ta iya yi, shi ma yana tare hanyar.

Fara da duba sigar da ke sabar: `stat -fc %T /sys/fs/cgroup/`. In ka ga cgroup2fs, ta biyu ce, kuma ita Ubuntu 22.04 ke zuwa da ita. In tmpfs ka gani, ta farko ce, sai ka ƙara hattara. A 2022 an gano ɓaraka mai lamba CVE-2022-0492, inda mai ɗora ta farko cikin kwantena ke iya amfani da fayil ɗin release_agent ya sa kanel ya gudanar masa da umarni a kan sabar kanta. Siga ta biyu ba ta da wannan fayil.

Rukunan cgroup a jere suke kamar bishiya, kowane rukuni reshe ne, kuma hanyar ƙwarai ita ce a ba kwantena reshenta ita kaɗai. Tun Linux 4.6 akwai shinge, wato cgroup namespace, da ke sa ta ɗauki reshen da take kai a matsayin tushen bishiyar. Karanta /proc/self/cgroup daga ciki. In ya nuna `0::/`, shingen na nan. Sai dai shi gani kawai yake tarewa, ba ya hana rubutu. Mai hanawa shi ne zaɓin nsdelegate, wanda ya zo a 4.13, kuma systemd na sabar ke sa shi da kansa. Tabbatar da `grep cgroup2 /proc/mounts`. Da shi, kwantena na iya yanka ƙananan rassa ta raba musu abin da aka ba ta, amma memory.max na tushenta ya fi ƙarfinta.

A ganinmu Podman, wata manhajar gudanar da kwantena irin Docker, ya fi dacewa da aikinka. Ka gudanar da shi a matsayin mai amfani na gama-gari, ka ƙara `--systemd=always`, zai ɗora reshen da izinin rubutu. Akwai ɗan tarko a nan: systemd 249 na Ubuntu 22.04 memory da pids, wato ikon ƙwaƙwalwa da na adadin ayyuka, kaɗai yake damƙa wa irin wannan mai amfani. Don samun cpu, ƙirƙiri /etc/systemd/system/user@.service.d/delegate.conf, ka rubuta `Delegate=cpu cpuset io memory pids` ƙarƙashin `[Service]`, sannan ka sake kunna sabar.

Ka kuma duba abin da ke cikin kwantenar. In CentOS 7 ce, wani tsohon nau'in Linux, systemd 219 ɗinta bai san siga ta biyu ba, duk izinin da ka ba shi ba zai tashi ba. Sauya ta da sabuwa.

Tambaya: Na samu izinin rubutu, amma da na sa `+memory` a cgroup.subtree_control, fayil ɗin da ke buɗe wa ƙananan rassa iko, sai a ce wurin yana cikin aiki. Daga ɗaliba a Tawa.

Amsa: Malama, doka ce ta siga ta biyu: reshen da ke raba ƙwaƙwalwa ga ƴaƴansa ba ya riƙe ayyuka da kansa, shi ya sa kanel ke mayar miki da EBUSY, wato saƙon "yana cikin aiki". Ki buɗe sabon reshe da `mkdir /sys/fs/cgroup/init`, ki kwashe lambobin ayyukan da ke cgroup.procs na tushe ki rubuta su a init/cgroup.procs, lamba ɗaya a kowane rubutu, har da ta tagar da kike buga umarni. Da tushe ya zama wayam, ki maimaita. In kuma memory ba ya cikin cgroup.controllers tun farko, daga sabar ne ba a damƙa shi ba, can za ki gyara.