Ku Tambayi Tsohon Hedimasta: Wai akwai malamin da ba ya koruwa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne, ina kuma taɓa 'yar tireda a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Darazo. Yarana uku suna firamaren gwamnati ta garinmu. Akwai malamin da ke riƙe da aji huɗu, sai ran da ya ga dama yake zuwa, ranar kasuwa kuwa ko ƙeyarsa ba a gani. Babban ɗana ya shekara a hannunsa, har yau bai iya karanta wasiƙa ba. Mun kai kuka wurin hedimasta, ya ce ba yadda ya iya, wai an riga an tabbatar wa mutumin da aiki, don haka ba ya koruwa. Malam, haka dokar take? In haka ne, me zai hana a yi mana irin na Kaduna, a yi musu jarrabawa a sallami duk wanda ya faɗi?

Wani uba daga Darazo

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaran nan, ya yi musu albarka. Ba haka dokar take ba. Babu ma'aikacin gwamnatin da ba ya koruwa, malami ne ko akawu, kuma ƙaurace wa wurin aiki ba da izini ba yana cikin manyan laifuffukan da dokokin aikin gwamnati suka ce hukuncinsu na iya kaiwa ga kora.

Idan aka ɗauki malami, shekara 2 na farko na gwaji ne. In ya cinye su lafiya, sai a ba shi takardar tabbatar da aiki. Amfanin takardar nan a wurinsa shi ne, daga ranar ba mai sallamarsa don kawai ya tashi da ɓacin rai. Sai an rubuta masa takardar tuhuma an faɗi laifinsa, an ba shi lokaci ya amsa a rubuce, kwamitin ladabtarwa ya zauna ya ji ta bakinsa, sannan hukumar da ke da iko ta yanke hukunci. A firamare maganar tana tashi ne daga hedimasta zuwa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga can ta wuce SUBEB, wato hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, a nan Bauchi. Hanyar da tsawo, ban musa ba, amma ba a toshe take ba.

Abin da hedimastanku bai gaya muku ba shi ne, takun farko nasa ne. Na riƙe makaranta, na kuma yi aikin duba makarantu kafin in yi ritaya, na san abin da ke hana biro motsi. Wani lokaci kunya ce: gari ɗaya, masallaci ɗaya, ƙila har da auratayya. Wani lokaci tsoro ne, domin malamin yana da uwa a gindin murhu, kuma hedimastan da ya rubuta masa tuhuma shi zai wayi gari an cilla shi wata makaranta a ƙetaren kogi. Na sha buɗe littafin sa hannu in tarar mutum ya cike mako guda a zama ɗaya, da biro ɗaya, kullum ƙarfe 7:30 ba ƙari ba ragi, alhali littattafan yaran ajinsa ba su ga jan biro ba tun farkon zango. Wanda ya gani ya kau da kai, shi ya ba wannan malamin mafaka.

Kada ka je kai kaɗai. Ku bi ta kwamitin al'umma mai kula da makaranta, SBMC, inda akwai mai gari ko wakilinsa da iyaye maza da mata. Ku riƙa rubuta ranakun da bai zo ba, da kwanan wata, har na wata guda. Sannan ku rubuta wa sakataren ilimi wasiƙa, ku ba hedimasta kwafi, ku tsaya sai an buga muku hatimi a kan naku kwafin. Maganar baki a ofis ba ta kwana, takarda mai hatimi kuwa dole wani ya amsa ta. In aka yi shiru, ku ɗauki kwafin nan ku kawo SUBEB.

Amma ina da roƙo a gare ku. Za a iya ce muku an gama magana, an canja masa wurin aiki. Ku tambaya: zuwa ina? Wannan ɗabi'a ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Malami ya gagara a cikin gari, sai a tura shi ƙauye a matsayin horo. Ya gagara a ƙauyen, sai a tura shi rugar da mota ba ta zuwa da damina. Yaran can me suka yi? Su da ya kamata a kai musu wanda ya fi kowa hazaƙa, tunda ba su da kuɗin makarantar kuɗi, ba su da mai yi musu bita a gida, su ake zuba wa waɗanda kowa ya ƙi. Kada samun sauƙinku ya zama asarar 'ya'yan wani talakan.

Yanzu maganar Kaduna. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka sa makin ci a kashi 75 cikin 100. Mutum 21,780 ba su kai ba, aka sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a Janairun 2018, tana cewa hukumar rajistar malamai ta TRCN ce ke da hurumin auna malami. Ni dai ba zan kare wanda ya kasa aikin ɗan aji huɗu ba. Duk wanda ya ga wasu daga cikin takardun amsar da aka fitar a lokacin ya san akwai mutanen da bai kamata a ba su alli ba tun farko, kuma ƙungiyarmu ta rage wa kanta daraja a idon iyaye duk lokacin da ta tsaya wa irin waɗannan.

Sai dai ka duba abin da ya biyo baya. Cikin sababbin da aka ɗauka don cike gurbi, a 2018 aka sake sallamar fiye da 4,000 saboda an gano su ma ba su cancanta ba. A Yunin 2022 aka ƙara sallamar 2,357, har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba, wanda ya ƙi zama wata sabuwar jarrabawa da aka sake yi wa malamai. Wato an yi ta shara, ƙurar tana ta shigowa. Sannan ga abin da ya shafe ka kai tsaye: malamin da kake kuka da shi zai iya cinye irin wannan jarrabawa da maki 90. Matsalarsa ba jahilci ba ce, rashin zuwa ne. Jarrabawar yini ɗaya ba ta kama mai fashi, ba ta kama mai dukan yara ba ji ba gani, ba ta kuma nuna wanda ya iya sa yaro mai shekara bakwai ya haɗa baƙi da wasali. Wannan sai an shiga aji an zauna a benci na baya an kalle shi yana koyarwa.

Ba mu kaɗai ke wannan gardama ba. A Amurka, jihar New Jersey ta kafa dokar kare aikin malamai tun 1909, a zamanin da ake korar malami don siyasa ta juya, ake kuma sallamar mace don ta yi aure. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, ɗalibai 9 a California suka kai ƙara cewa dokokin kare malamai suna barin ragwaye a aji, kuma 'ya'yan talakawa ne ke kwasarsu. A 2014 alƙali ya ba su gaskiya. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, ta ce ba dokokin ne ke tura malamai marasa ƙwazo makarantun talakawa ba, shugabannin da ke rabon malamai ne. Da na karanta wannan, ƙauyukanmu na tuna.

Ni ina goyon bayan a bar wa malami kariyarsa, kuma dalilina ba ɓoyayye ba ne. Ka san yadda siyasar ƙananan hukumominmu take. Ran da aka ce ana iya korar malami ba tuhuma ba kwamiti, ba ragon nan na ajin ɗanka za a fara kora ba, shi yana da mai tsaya masa. Wanda za a fara da shi shi ne malamin da ya hana satar amsa ranar jarrabawa, da wanda ya ƙi ƙara wa ɗan wane maki, da wanda aka ga hoton 'yan adawa a ƙofar gidan yayansa. Kowane sabon ciyaman ya zo da jerin sunayen yaransa, a share na da. Mutumin kirki ba zai yi shekara uku yana karatun NCE a Azare ko Kangere ba don aikin da zai iya rasawa bayan kowane zaɓe.

Inda ya kamata a tsananta shi ne ƙofar shiga. Tun ran gini ran zane. Doka ta ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, TRCN kuma tana nan tun 1993, amma muddin takardar wani babba ta fi takardar makaranta nauyi a wurin ɗaukar aiki, ba abin da zai canja. Shekara biyun gwajin nan ma wasa muke da su. Fom ake cikewa, hedimasta ya sa hannu, a wuce. Da za a ce ba a tabbatar wa kowa da aiki sai mai duba makarantu ya zauna a ajinsa sau da yawa, ya ɗauki yara biyar ya ba su karatu, ya rubuta abin da ya gani da sunansa a ƙasa, da yawancin irin wasiƙarka ba su zo mini ba. Gwamnati ita ma da nata: malamin da ya yi shekaru a mataki ɗaya, ko aka ba shi ƙarin girma a takarda ba a aljihu ba, shi ake samu a kasuwa ranar aiki. Wannan ba uzuri ba ne ga wanda ya karɓi albashi ya bar yara suna wasan ƙasa, amma mai neman gyara dole ya faɗe shi.

TAMBAYA

Baba, barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Misau. Shekarata huɗu da kama aiki, har yau ba a ba ni takardar tabbatarwa ba. Kwanan baya mun sami saɓani da wani na sama da ni, ya ce in bi a hankali, tunda ba a tabbatar da ni ba ko gobe ana iya cire sunana. Hankalina ya tashi. Me zan yi?

Wata malama daga Misau

AMSA

'Yata, kwantar da hankalinki. Gaskiya ne wanda ke cikin gwaji ya fi sauƙin sallama, amma ke kin wuce shekara biyun da ninki. Kotunan Najeriya sun sha yanke hukunci cewa idan lokacin gwaji ya ƙare, hukuma ba ta sallami ma'aikaci ba, ba ta kuma rubuta masa cewa ta tsawaita gwajin ba, ta ci gaba da ba shi aiki tana biyansa, to ana ɗaukarsa tamkar wanda aka tabbatar. Duk da haka kada ki zauna a kan wannan. Ki nemi takardarki, domin ƙarin girma ma sai da ita.

Ki sayi fayil ki tara takardar ɗaukar aiki, da ta kama aiki, da shaidar NCE, da ta TRCN, da shaidar shigar albashi daga banki. Ki yi kwafi biyu, ɗaya ki ajiye a gidanku. Ki rubuta wa sakataren ilimi ta hannun hedimasta kina neman a tabbatar da ke, ki faɗi ranar da kika kama aiki, ki riƙe kwafi mai hatimi. Ki sanar da wakilin NUT na ƙaramar hukumarku. Kuɗin ƙungiya da ake cira a albashinki kowane wata na irin wannan rana ne.

In aka ba ki takardar tuhuma, kada ki ƙi karɓa, kada kuma ki bar wa'adin amsa ya wuce. Ki amsa abin da aka tambaya kawai, cikin ladabi, ba gori ba habaici, ki ba wani dattijon malami ya karanta kafin ki miƙa. Ki riƙa zuwa a kan lokaci, littafin shirin darasinki ya zama cikakke, kada ki bar ƙofar da za a shigo miki. In abin ya kai ga cire suna ba bisa ƙa'ida ba, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi tun gyaran tsarin mulki na 2010. Sai ki ga lauya da wuri, ba bayan shekara ba.

TAMBAYA

Malam, na gama NCE shekara uku ke nan ina zaune. Ga shi an ƙara wa tsofaffin malamai shekarun aiki. Ba su suka tare mana hanya ba?

Wani matashi daga Ningi

AMSA

Ɗana, dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta ɗaga ritayar malamai daga shekara 60 zuwa 65 da haihuwa, ko daga 35 zuwa 40 a bakin aiki. Na fahimci zafin da kake ji, amma ka zaga firamaren da ke kusa da ku ka ƙirga azuzuwa, ka ƙirga malamai. Za ka tarar da malami ɗaya yana haɗa aji biyu, wani ajin ba kowa sai monita da bulala. Gurbi yana nan, ɗauka ce ba a yi yadda ya kamata, kuma a nan ya dace ku matasa ku matsa wa wakilanku na majalisar jiha lokacin kasafin kuɗi. Ni da za a ji tawa, dattijon da aka ƙara wa shekara biyar sai a haɗa shi da sabon ɗauka ya raine shi a shekarun gwajinsa.

Kafin nan, ka yi rajistar jarrabawar TRCN tun yanzu. Da kwamfuta ake yin ta, don haka in hannunka bai saba ba ka je shagon kwamfuta ka koya. Ka kuma nemi wata makaranta, ko ta sa kai ce, ka riƙa shiga aji, ka karɓi takardar shaida daga hedimasta a ƙarshen kowane zango.