Na matse zuma, saƙar ta rage: me zan yi da kakin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ya sayo zuma da saƙarta daga ƙauye. Na matse na tace, sai saƙar ta rage kusan cikin kwano. Wasu sun ce in zubar, wasu sun ce kaki ne mai amfani. Yaya ake gyara shi, kuma me zan yi da shi a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kada ki zubar. Sai ƙudan zuma sun sha zuma kilo 6 zuwa 8 kafin su samar da kaki kilo ɗaya, kuma idan kika gyara shi zai yi shekaru bai lalace ba. Saƙar da aka bari haka nan ce tsutsa ke cinyewa.

Ki fara da ware saƙar. Farar saƙa da rawaya su ne masu kaki sosai. Baƙar da aka yi ƙyanƙyasa a cikinta kakinta kaɗan ne, ga duhu, don haka ki narka ta daban. Ki wanke da ruwa sau biyu ko uku har zaƙin ya fita, ki ƙulle a tsumma mai tsabta, ki jefa a tukunya, ruwa ya sha kansa. Ruwan sama ya fi, domin ruwan rijiya mai kanwa-kanwa yana sa ƙasan kakin ya yi laushi kamar dusa. Tukunyar baƙin ƙarfe ko ta tagulla tana ɓata masa launi. Ki nemi ta ƙarfen da ba ya tsatsa, wadda kika haƙura da ita, don kaki ba ya fita da sauƙi.

Wuta kaɗan ake so. Kaki yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, idan ya wuce 85 sai ya fara duhu, ƙamshinsa ya gudu. Ki riƙa danna ƙullin da muciya har kakin ya gama tasowa, ki cire tsumman, ki rufe tukunyar ta kwana. Da safe za ki tarar da faifan kaki a saman ruwa. Ki kankare dattin ƙasansa da wuƙa, ki shanya a inuwa ya bushe sarai.

Daga nan kada ki sake ɗora shi kai tsaye a wuta. Ki sa shi a gwangwani, gwangwanin a cikin ruwan zafi. Kaki yana kamawa da wuta kamar mai, in kuwa ya kama, murfi za ki kifa masa. Watsa ruwa fantsama wutar yake yi.

Amfanin da na fi ba ki shawara shi ne man shafawa na hunturu, don faso da kaushi da tsagewar leɓe. Ma'auninsa kaki kashi ɗaya, mai kashi huɗu: kaki giram 20, man kaɗanya giram 40, man kwakwa ko na zaitun giram 40. Ki fara narka kakin, sannan ki zuba man kwakwar, man kaɗanya a ƙarshe bayan kin sauke, ki juya ya narke. Kafin ki juye a kwalba, ki ɗiga kaɗan a cokali mai sanyi ki taɓa. Idan ya yi tauri ki ƙara mai, idan ya yi ruwa ki ƙara kaki. Na bazara yana son ƙarin kaki, in ba haka ba zai narke a jaka. Kakin ba ya shayar da fata, danshin da ke jikinta yake tsarewa, shi ya sa ake shafa shi bayan wanka ko alwala tun ƙafa ba ta gama bushewa ba. Ɗigon ruwa a cikin kwalbar kuwa shi ke kawo fumfuna. Ki gwada a cikin hannu tukuna, don wasu jikinsu na yin ƙaiƙayi da kayan zuma. Kada a shafa a sabuwar ƙuna ko miki, mai ciwon suga kuma da ƙafarsa ta tsage likita ya kamata ya gani.

Akushi, muciya da katakon yanka suna son kaki ɗaya, man kwakwa uku. Ki shafa siriri, ya kwana, ki goge da tsumma. Ki guji man gyaɗa a nan, yana ɗoyi idan ya daɗe. Haɗin nan yana yi wa takalmin fata, sai dai yana ƙara wa fata mai haske duhu.

Guntun kakin ma haka nan yana aiki. Dukawa suna jan zare a kansa don ya yi ƙarfi, ya daina harɗewa. Ki goga shi a zif mai cijewa ko gefen durowa, ki shafa a wuƙa da fartanya kafin damina saboda tsatsa.

Kyandir ma yana yiwuwa, amma lagwaninsa na auduga ne, kuma ya fi na kyandir ɗin kanti kauri. Siriri rami kawai zai haƙa a tsakiya, narkakken kakin ya shanye wutar ta mutu. Ki tsoma lagwanin a kaki ya sandare kafin ki tsayar da shi a gwangwani, kuma ki bari kakin ya ɗan huce kafin ki zuba, don wanda aka zuba da zafi sosai yakan tsage a sama.