Amsoshin tambayoyinku: Rolls-Royce mai sulke, ta 1914 ko ta 1920?

Tambaya daga Zariya: Salam. Ina so in fara haɗa ƙananan motocin yaƙi na roba irin waɗanda ake sayarwa a kwali, kuma wadda ta shiga raina ita ce Rolls-Royce mai sulke ta Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na duba intanet na ga ta Meng na ga ta Roden, wata an rubuta 1914 wata 1920, ga kuma 1/35 da 1/72, kaina ya ɗaure. Ban taɓa haɗa ko ɗaya ba. Wacce zan saya?

Wa alaikas salam ɗan'uwa. Kafin ka kalli sunan kamfani ko zanen da ke jikin kwali, kalli tayoyin motar tukuna, don a nan ne ake yin ta ko a watse. Asalin motar nan sojojin ruwan Birtaniya ne, sashensu na jiragen sama, suka ɗauki shasin Silver Ghost, motar manyan attajirai mai silinda 6, suka lulluɓe ta da faranta na ƙarfe a ƙarshen 1914, suka ɗora mata kai mai juyawa da bindigar Vickers a ciki. To wannan ta farkon tayoyinta masu wayoyi ne sirara irin na keke, kuma na baya bibbiyu ne a kowane gefe saboda nauyi, ga kuma safaya. Ta 1920 kuwa sai aka sa mata wili na faifan ƙarfe shafaffe, babu waya ko ɗaya. A ƙaramar mota waɗannan wayoyin ana yin su ne da wani siririn farantin tagulla da za ka yanko ka lanƙwasa ka manna, kuma idan hannu bai saba ba ɗaya za ta karkace ɗaya ta tsinke, daga nan sai zuciya ta ɓaci a tura kwalin ƙarƙashin gado shi ke nan an gama.

Saboda haka ni shawarata ka fara da ta 1920. Kwalin Meng na 1/35 yana da daɗi a nan domin ya ba ka zaɓin biyun a kwali ɗaya, ka haɗa ta 1920 ɗin, wayoyin kuma ka ajiye su kana gwaji da su a hankali ba tare da fargabar ɓata mota ba. Roden ta Yukiren kowane samfuri kwalinsa daban, motar tana fita da kyau amma tana son mai haƙurin kankara da gwada sassa kafin a sa gam, ita ce ta biyu idan ka ji hannunka ya faɗa.

Maganar lambobin kuwa lissafi ne kawai. Motar gaske tsawonta ya kusa mita 5, ka raba da 35 sai ka samu wajen santimita 14, ka raba da 72 ka samu kusan 7. Mutane suna ɗauka ƙaramar ita ce mai sauƙi saboda ta fi araha, a'a wallahi, sassanta wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba, in ɗaya ya yi tsalle daga hannunka ya faɗa kan kafet sai dai ka yi masa addu'a. Ɗauki 1/35. Kuma lokacin biya kar ka kalli kuɗin kwalin kaɗai, haɗa da kuɗin aike da abin da kwastan za su iya nema, wani lokaci aiken ma ya kusa kamo kuɗin kayan, shi ya sa in kana da abokin da shi ma yake so gara ku haɗa oda ɗaya.

Tambaya daga Kano: Kwalina ya iso amma mai kayan ya ce ba zai iya turo gam da fenti ba. Zan iya amfani da sufa gulu da fentin gwangwani na kasuwa?

Ba wulaƙanci ya yi maka ba, gam ɗin roba irin su Tamiya Extra Thin da fentin mai irin Humbrol abubuwa ne masu kama wuta, dokar jirgin sama ta takura aika su. Amma ka fahimci bambancin. Gam ɗin roba ba manna sassa yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake su zama abu ɗaya, kuma yana ba ka 'yan daƙiƙu ka gyara zama. Sufa gulu kuwa kamawa yake nan take, in ka ɗora farantin gefe a karkace to a karkace zai zauna, sannan yana barin wani farin hazo a kewaye. A mota irin wannan da duk jikinta faranta ne miƙaƙƙu masu haɗuwa a kusurwa, karkata kaɗan ido yana ganinta tun daga nesa.

Duk da haka za a iya, in babu yadda za a yi. Kar ka matso shi daga bututu kai tsaye, ɗiga shi a kan murfin kwalba, ka riƙa ɗiba da tsinken sakace kana sawa ta ciki inda ba a gani. Kuma dama ko kana da gam ɗin roba sai ka nemi sufa gulu don sassan tagulla, su gam ɗin roba ba ya cin su. In kana da wani mai dawowa daga waje ta hanyar da aka yarda, ko ka samu shagon da ke turowa ta jirgin ruwa, kwalba ɗaya za ta yi maka motoci da yawa.

Fenti kuma nemi na ruwa, wato akirilik, irin Vallejo ta Sifaniya ya fi sauƙin samun mai aikowa tunda ba ya kama wuta, in ba ka samu ba na masu zane da ake sayarwa a shagunan kayan makaranta ma yana yi idan ka fara shimfiɗa fentin share fage. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne tina ta masu fentin mota. Kar ta kusanci motarka, tana cinye roba ta bar ta kamar an lasa mata wuta. Fentin gwangwani na fesawa shi ma wani yana da zafi, gwada shi a kan ragowar sandunan robar da ka cire sassa daga jiki, ka bar shi ya kwana, in bai yi komai ba sai ka fesa daga nesa sama-sama, sau biyu ko uku, ba ka yi mata wanka lokaci ɗaya ba, don kawunan kusoshin da ke jikin sulken su ne kyan motar, fenti mai kauri binne su yake.

Sauran kayan aiki duk suna unguwarku: abin yanke farce don cire sassa, sabuwar reza, matsefata, samfefa mai laushi ko abin goge farce na mata, da buroshi biyu, faffaɗa da siriri. Da robar abinci mai murfi, wannan kar ka raina ta, lokacin hunturu kana gama fenti ka kifa ta a kai in ba haka ba ƙura ta riga ka. Kuma kar a bar kwali cikin mota a rana, roba tana lanƙwashewa.

Tambaya daga Kaduna: In sayi injin fesa fenti da kwamfuresa tun yanzu?

A'a. Ga tsada, ga neman wuta, ga wanki bayan kowane aiki. Motocin nan na farko ma da yawa da buroshi aka yi musu fenti a fagen daga. Sirka fentinka da ruwa, shafa siriri ka bari ya bushe ka sake. In ka gama mota uku har yanzu abin yana ranka sai mu yi maganar inji.

Tambaya daga wata uwa a Damagaram: Yarona ɗan shekara 10 ya ga irin motocin nan a waya ya nace sai an saya masa. Kuɗin ba kaɗan ba ne, ya dace?

Hajiya Allah ya raya shi, amma ki riƙe kuɗinki tukuna. Waɗannan kwalayen ba kayan wasa ba ne, yawanci ma za ki ga an rubuta daga shekara 14, akwai reza a aikin akwai gam mai wari, kuma in an gama ba a tura ta a ƙasa, ajiyewa ake ana kallo. Yaron da yake so ya ja motarsa a tsakar gida zai karya ta ranar farko ya yi kuka, ke ma ranki ya ɓaci.

Abin da ya fi, tunda motocin farkon nan kusan akwatuna ne, a yi ta da kwali. Ki sa a nemo masa hoton Minerva, motar sulken da Beljiyam ta yi amfani da ita a 1914, ita ko rufi ba ta da shi, faranta ne a tsaye da bindiga a sama, babu lanƙwasa mai wahala. Kwalin takalmi, almakashi, farin gam na kafintoci, taya daga tsohon silifas yadda yara suka saba. Kawunan kusoshi kuma a ɗiɗɗiga farin gam da tsinke a jere, in ya bushe aka shafa fenti sai ki rantse ƙarfe ne. In Rolls-Royce ɗin yake so, a raba tsawonta da 16, za ta zo wajen santimita 30, daidai hannun yaro, kin ga ya koyi awo da rabawa bai sani ba. In ya yi biyu ya gama su da kansa, to lallai abin a jininsa yake, sai a fara tara masa.

Tambaya daga Kumasi: Malam na haɗa tawa saura fenti. Ina son ta hamada. Wane launi, kuma bayan ita wacce zan saya?

Madalla. Ka zaɓi wadda ta fi labari, domin a Faransa da aka shiga yaƙin ramuka motocin nan ba su da wurin gudu, sai aka kwashe da yawa zuwa inda fili yake. A watan Maris na 1916 Duke na Westminster, wani basaraken Birtaniya, ya ja ayarinsu cikin hamadar Libiya har Bir Hakeim ya kuɓutar da ma'aikatan wani jirgin ruwa mai suna Tara da Sanusiyya suke tsare da su, T. E. Lawrence, hafsan Birtaniya da ya yi yaƙi tare da Larabawa, shi ma ya yi aiki da su wajen kai hari kan layin dogon Hijaz, daga baya sojojin saman Birtaniya suka daɗe suna sintiri da su a Iraƙi. Sai dai ka lura, in 1916 kake nufi to mai wayoyin taya ce, ta 1920 ba ta je wannan yaƙin ba, ita wurinta Iraƙi da Masar na bayan yaƙi, ko Ailan, inda har yau ake adana wadda ta raka Michael Collins, shugaban sojojin ƙasar, ranar da aka kashe shi a watan Agusta na 1922.

Launi ka yi ruwan ƙasa mai haske ko kaki, sannan kar ka manta bayan motar buɗaɗɗe ne da akwatunan katako, nan za ka zuba mata galan-galan da igiya da bargo naɗaɗɗe da ka yi da tishu jiƙe da farin gam. Ƙura kuma ka kankare allin zane mai ruwan ƙasa ka shafa da busasshen buroshi a tayoyi da ƙasan jiki. Tsatsa kam ka rage hannu, mutane suna cika ta har mota ta koma kamar ta 'yan gwangwan, alhali a hamada ƙura ce da koɗewar rana, kuma masu motar kullum cikin kula da ita suke don ransu a kanta yake.

Ta gaba, in kana son canji, Lanchester ta kamfanin Copper State Models na Latbiya tana haɗuwa lafiya ba faɗa. Austin ta MiniArt, mai kai biyu wadda Ingila ta ƙera wa Rasha, kyakkyawa ce amma sassanta sun yi yawa ƙwarai, wasu kwalayen har da inji da kayan ciki, duba da kyau wanne kake biya kafin ka danna.