Baba zai je ziyara Bagadaza, hankalina ya ƙi kwanciya

Tambaya: Malam, barka da aiki. Baba ya sayar da shanu biyu, wai sai ya je Bagadaza ziyarar Shehu Abdulƙadir Jilani. Ni kuwa da an ce Iraƙi, bom kawai nake gani. Na ji ka taɓa zuwa. Mu hana shi?
Daga wata 'yarka a Daura.

Amsa: 'Yata, ni ma sai da na bar wasiyya kafin na bar Katsina, uwargida kuwa ta sha kuka kamar an yi rasuwa. Tsoronki ba na banza ba ne. Amurka ta afka wa ƙasar a 2003, ƙungiyar 'yan ta'adda ta Da'ish (ISIS) ta kame birnin Mosul a 2014, sai a Disambar 2017 gwamnati ta ce ta ga bayansu.

Daga filin jirgi shingen sojoji ne ya fara yi min maraba, wani bayan wani, fasfo a hannu, zuciya na dukan uku-uku. Muna shiga gari sai ga cunkoson motoci, ga wayoyin janareto sun sarƙe a saman layuka kamar saƙar gizo. Ashe su ma wutar tasu sai a hankali! Nan dariya ta kama ni.

Shehu, wanda ya rasu a 1166, yana kwance a unguwar Babul Shaikh, gabas da kogin Dijla. Kusa da wurin wani tsoho mai shayi ya miƙo min ɗan kofin gilashi da suke kira istikan, shayin baƙi ƙirin, sukari ya kwanta a gindi. Na zaro dinari, ya dafa ƙirji ya ƙi karɓa. Da ya ji daga Najeriya nake, sai ya zaro ido yana tambaya ta yaya muke barci da Boko Haram. Wato ni ne abin tausayin.

Kada ku hana Baba, amma ya bi ayari. Ya je tsakanin Nuwamba da Maris, don a Yuli zafi kan kai digiri 50, ko ɗan Daura sai ya raina kansa. Ban da ɗaukar hoton soja ko shinge. Ku kasa kunne ga labarai har ranar tashi, saboda rikicin Iran da abokan gabarta kan sa a rufe sararin samaniyar ƙasar.

In ya samu sarari ya leƙa unguwar A'azamiyya wurin kabarin Imamu Abu Hanifa, sannan ya ci min masguf, kifin nan da suke tsagawa su gasa a gefen wuta.