Filin Tambaya da Amsa: Kan Bel, Daga Narkakken Ƙarfe Zuwa Ƙugu

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan ɗan ƙarfen nan da ke riƙe bel, takalmi, jaka da maɗaurin riga. Masu aikin zubin ƙarfe da masu yi masa ruwa ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Ni tela ne. Na sa wa wanduna kan bel masu ƙyalli, ga nauyi a hannu. Ba a yi wata biyu ba aka dawo mini da uku sun karye gida biyu. Da na duba wurin karayar sai na ga ruwan toka ne, mai tsaki-tsaki kamar yashi. Wane irin ƙarfe ne wannan?

Amsa: Malam tela, abin da ka gani tutiya ce. Yawancin kan bel na tufafi da ita ake yin su, cikin wani haɗi da ake kira zamak, wanda kamfanin New Jersey Zinc na Amurka ya fito da shi a 1929. Kusan kashi 96 cikin ɗari tutiya ce, kashi 4 alminiyam, sai ɗan magnisiyam kaɗan. Nau'in da ake kira zamak 5 yana da ƙarin jan ƙarfe kashi 1, ya fi tauri. Masana'antu suna son sa ne saboda yana narkewa a wajen digiri 385 na ma'aunin Celsius, alhali tagulla sai ta haura 900. Ana narkar da shi, a riƙe shi wajen digiri 420, inji ya tura shi da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, cikin daƙiƙu kaɗan ya daskare ya fito da siffarsa har da zanen ado.

Zamak mai kyau ba ya karyewa a wata biyu, saboda haka kada ka ɗora wa ƙarfen laifi gaba ɗaya. Abu uku ne ke kawo irin taka. Na farko, iska ta maƙale a ciki lokacin zubi: ka kai wurin karayar gaban haske, in ka ga ƙananan ramuka kamar na burodi, ita ce. Na biyu, mazubin bai ɗau zafi ba. Ana so ya kai digiri 150 zuwa 200. In ya yi sanyi, ƙarfen da ya biyo ta dama da wanda ya biyo ta hagu sukan fara daskarewa kafin su haɗu, sai a sami layi siriri a sandar da ake naɗe bel a kai, kuma a nan take karyewa. Na uku shi ya fi muni, wato dalma. Ƙa'ida ba ta yarda dalma ta wuce kashi 0.005 cikin ɗari a zamak ba, giram 5 ke nan a kilo 100. In aka narkar da tarkacen ƙarfe aka cakuɗa, dalmar takan wuce haka, sai danshi ya riƙa cin ƙarfen ta ciki, ya kumbura, ya tsattsage, har ya gutsure da kansa. Wannan ba ya gyaruwa.

Kafin ka sayi da yawa, ɗauki guda ɗaya ka sadaukar. Sa masa maganaɗisu: in ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwa. In bai kama ba, ka goga zarto a bayansa. Rawaya har ciki tagulla ce. In ka wuce ɗan ja-ja ka tarar da fari mai toka-toka, zamak ne. Sikeli ma yana faɗa: kan bel ɗin da ya yi giram 66 a zamak, a tagulla zai yi wajen 85. Daga nan ka zura igiya mai ƙarfi ka ja da iyakar ƙarfinka. Na bel ɗin aiki mai ɗaukar kaya, tagulla ko ƙarfe mara tsatsa muke ba da shawara, ba zamak ba.

Tambaya: Ina ɗinka bel na fata, kuma ina so a ƙera mini kan bel mai tambarina. Waɗanne awo zan ba maƙerin, kuma ta wace hanya za a yi shi in guda 300 kawai nake so?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da fatar, ba da tambarin ba. Kan bel na gargajiya sassa huɗu ne: zoben da fata ke ratsawa, sandar da ake naɗe fatar a kai, harshen da ke shiga huda, sai wani lokaci ɗan bututu mai juyawa a bakin zoben don kada fata ta goge. Kowane awo daga fatar yake fitowa.

Faɗin cikin zobe ya fi faɗin fatar da milimita 1 zuwa 2. Bel mai faɗin milimita 38 yana son zobe mai 40. In ka matse, gefen fatar zai riƙa gogewa yana furfura. In ka sake da yawa, bel ɗin ya karkace. Sai kaurin fata, wanda a bel na maza yakan kai milimita 3 zuwa 4. Ka tuna fata biyu ce za ta bi ta wurin, wadda aka naɗe a sanda da wadda ake zurawa, don haka tazarar da ke tsakanin sanda da bakin zobe ta wadatar. Zoben ma kada ya zama shimfiɗaɗɗe kamar faranti. A ɗan lanƙwasa shi ya bi zagayen ƙugu, in ba haka ba zai tashi tsaye ya tokare riga.

Harshe ne inda muka fi ganin kuskure, kuma shi ke ɗaukar dukan ja. A yi shi da wayar ƙarfe ko ta tagulla mai kaurin milimita 3 zuwa 4, domin sai an lanƙwasa gindinsa a kan sanda, zamak kuwa ba ya son lanƙwasa. Bakinsa ya hau kan zoben da aƙalla milimita 3, a kuma yi masa ɗan gurbi ya kwanta. Gajeren harshe, da an ja da ƙarfi sai ya zame ya faɗa ta ƙasa. Dogo kuma yana kama zaren riga. Hudojin fata biyar ne bisa al'ada, milimita 25 tsakanin kowace biyu, ta tsakiya ita ce awon ƙugun mai shi.

A zanen kansa, kada a bar kusurwa mai kaifi inda sanda ta haɗu da zobe, a yi mata ɗan zagaye, don tsaga daga kaifi take farawa. Kada kauri ya yi tsalle daga siriri zuwa kakkaura, wurin mai kaurin zai lotsa in ya huce. Bangon kowane gefe ya ɗan jirkice digiri 1 zuwa 2 don abin ya fita daga mazubi ba tare da gogewa ba. Kuma ƙarfe yana tsukewa: tagulla wajen kashi 1.5 cikin ɗari, zamak na inji wajen 0.6. Samfurin farko sai an ƙara masa wannan, in ba haka ba zobenka na 40 zai fito ya gaza.

Guda 300 bai kai a sassaƙa mazubin ƙarfe ba, wannan na dubbai ne. Hanya biyu ke gabanka. Ko mazubin roba mai jure zafi, wanda ake juyawa da sauri a zuba narkakkiyar tutiya a tsakiya, juyin ya watsa ta cikin gurabe. Ko zubin tagulla, cikin yashi ko ta hanyar kaki, inda ake siffanta abin da kaki, a lulluɓe shi, a narkar da kakin ya fita, ƙarfe ya maye gurbinsa. In tambarin yana da ƙananan rubutu, ta kaki ta fi fitar da shi. Mu dai tagulla za mu zaɓa wa bel ɗin fata mai kyau, don tana iya zama ba tare da an yi mata ruwan komai ba.

Tambaya: Me ke sa ruwan gwal ko na azurfa ya yi ƙuraje ya ɓare daga kan bel?

Amsa: Ruwan nan hawa-hawa ne. Bayan an yanke ragowar zubi, ana zuba kayan cikin tukunya mai girgiza tare da ƙananan duwatsu su goge kaifi, a wanke maiƙo, a tsoma a ruwan asid mara ƙarfi, sannan a shiga baho na lantarki. A kan zamak dole jan ƙarfe ya fara hawa, domin ruwan nikel yana cin tutiya in ya same ta tsirara. Bayansa nikel, sannan launin ƙarshe. Ana auna su da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Jan ƙarfe da nikel sukan kai maikuron da dama kowanne, gwal ɗin ado kuwa sau da yawa bai kai ko ɗaya ba, shi ya sa ake bin sa da man ƙyalli mai kariya.

Ƙurajen daga ƙasa suke tasowa. Zamak yana da wata fata mai santsi a sama wadda ba ta kai rabin milimita ba, ramukan iska suna ƙarƙashinta. Mai gogewa in ya zarce, ya buɗe ramukan, ruwan baho ya shiga ya maƙale, daga baya ya turo rufin sama. Maiƙon da ba a wanke sarai ba ma yana hana ruwan kamawa. Mai sayen da yawa ya nemi sakamakon gwajin hazon gishiri: ana rufe samfuri a akwati mai zafin digiri 35, ana fesa ruwan gishiri kashi 5 cikin ɗari na awa 24 ko 48, a duba ko ya yi tabo.

Tambaya: Ɗana yana samun ƙuraje masu ƙaiƙayi a ƙasan cibiya, daidai inda kan bel ke taɓa shi. In ya daina sawa sai su lafa.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Wannan ya yi kama ƙwarai da rashin jituwar fata da nikel, wanda gumi ke narkar da shi kaɗan-kaɗan daga jikin ƙarfe. Tarayyar Turai ta sa masa iyaka tun 1994: abin da ke daɗewa a jikin fata kada ya saki nikel fiye da maikurogiram 0.5, wato rabin kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a kowace murabba'in santimita cikin mako. Akwai ruwan gwaji da ake ɗigawa a auduga a goga a ƙarfen, in ta koma ruwan hoda akwai nikel. Ki nemi wanda aka rubuta ba nikel, wanda akan yi wa ruwan haɗin jan ƙarfe da kuza da tutiya, ko tagulla zalla, ko na roba. Ki duba maɓallin ƙarfen wandon ma, shi ke manne da fata kai tsaye. Shafa man farce a bayan ƙarfen yana tsarewa na ɗan lokaci ne kawai, yana gogewa. Likitan fata zai tabbatar da abin ta hanyar gwajin da ake liƙawa a gadon baya. Tun da yaro ne, a kula da dalma: a Amurka ba a yarda ta wuce kashi 100 cikin miliyan a kayan yara ba.

Tambaya: Wani kore-kore mai danƙo yana fitowa inda fata ta naɗe sandar tagulla. A wani bel ɗin kuma baƙin tabo ne. Lalacewa ce?

Amsa: Koren haɗuwar jan ƙarfen da ke cikin tagulla ne da man da ke jikin fata. Bai ci ƙarfen can ciki ba. A kwance, a kankare da tsinken itace, a goge da ruwan tsami, a busar sosai, a shafa ɗan kaki kafin a mayar. Baƙin tabon daga baƙin ƙarfe yake: fatar da aka jeme da ɓawon itace in ta jiƙe ta taɓa shi, takan yi baƙi kamar tawada, kuma da wuya ya fita. Irin wannan fata a haɗa ta da tagulla ko ƙarfe mara tsatsa mai lamba 304, har da ƙusoshin da ke riƙe naɗin.