Likita na amsa tambayoyinku: sankarar huhu da lafiyar ƙwaƙwalwa

Likita, mahaifinmu mai shekara 66 yana jinyar sankarar huhu mai ƙananan ƙwayoyi. Cikin kwana uku ya rikice, da rana yana ta barci, da dare yana sambatu, har ya daina gane wasunmu. Tabin hankali ne ya same shi saboda damuwa?

Allah ya ba Baba lafiya. Ku kai shi asibiti yau, kada ku jira ranar da aka rubuta muku. Abin da likita ke fara dubawa a irin wannan hali shi ne saurin da abin ya zo da shi. Ciwon damuwa yakan shigo ne a hankali cikin makonni, kuma mai shi ya san inda yake, ya san mutanensa. Amma wanda ya rikice cikin kwanaki, hankalinsa yana tafiya yana dawowa, abin ya fi tsanani da dare, to wani abu ne a jikinsa ya taɓa ƙwaƙwalwar, kuma sau da yawa ana iya gyara shi.

Irin sankarar da Baba ke da ita tana da wata ɗabi'a. Ƙwayoyinta sukan fitar da sinadarin ADH, wanda aikinsa shi ne umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Ruwan ya taru, gishirin jini wato sodiyam ya tsinke. A lafiyayyen mutum, gwajin jini yakan nuna shi tsakanin 135 da 145. Idan ya sauka ƙasa da 125 sai ka ga tashin zuciya, ruɗewa, har da jijjiga. Gwajin jini ɗaya ke nuna wannan. Magani yakan fara da rage ruwan sha zuwa kimanin lita ɗaya a rana, ko ƙarin ruwan gishiri mai ƙarfi idan abin ya yi muni. A nan ne ake taka-tsantsan: ba a ɗaga sodiyam fiye da 8 zuwa 10 cikin awa 24, domin gaggawar gyara shi na iya yi wa ƙwaƙwalwa illar da ba ta warkewa. Don haka kada kowa ya ce zai ba shi gishiri a gida.

Sauran abubuwan da za a bincika su ne hauhawar kalsiyam a jini, ciwon huhu na ƙwayoyin cuta, ƙarancin iskar oksijin, da yaɗuwar sankarar zuwa ƙwaƙwalwa, wanda hoton CT ko MRI ke nunawa. Ku tafi da duk magungunansa a leda guda. Morphine, maganin rage zafin ciwo, na iya ruɗa dattijo, dexamethasone kuma, maganin rage kumburi, yakan hana barci, ya sa surutu da zafin rai. Ba a fara maganin damuwa a wannan yanayi, tunda wasu irinsu sertraline su ma suna rage sodiyam.

Ni mace ce mai shekara 44, ban taɓa shan sigari ba, amma an ce ina da sankarar huhu. Ta yaya? Kuma me ya sa likita ya ƙi fara magani sai sakamakon wani gwaji ya fito?

Sannu, Allah ya kawo sauƙi. Sigari ce ke haddasa kusan kashi 85 cikin 100 na wannan ciwo, saura kuwa suna da wasu dalilai: hayaƙin da wani ya busa, iskar radon da ke fitowa daga ƙasa ta taru a ɗakunan da ba sa samun iska, ƙurar asbestos, da gurɓatacciyar iska. Wani lokaci kuma kuskure ne kawai ya auku yayin da ƙwayar jiki ke kwafar DNA ɗinta, wato bayanan gadon da ke cikinta.

Sankarar mashaya sigari da ta wanda bai sha ba sun bambanta tun daga tushe. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai kusan 70 da aka tabbatar suna jawo sankara, suna yi wa DNA rauni a wurare masu yawa, musamman ƙwayoyin gado na TP53 da KRAS. A wanda bai sha ba kuwa, sau da yawa sauyi guda ne ke jan ragamar ciwon. Wanda aka fi samu shi ne na EGFR, wani makunni a saman ƙwayar jiki da ke ba ta umarnin ta rabu gida biyu. Idan ya sauya sai ya maƙale a kunne, ƙwayar ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. An fi ganinsa a mata, da waɗanda ba sa shan taba, da mutanen gabashin Asiya. Akwai kuma sauyin ALK da ROS1, waɗanda ba su kai shi yawa ba.

Dalilin jiran ke nan. Daga ɗan naman da aka gutsuro a ƙarin za a gane wane sauyi ne, kuma sakamakon yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Idan EGFR ne, ƙwayar osimertinib ta miligiram 80 sau ɗaya a rana ta fi kemo amfani a ciwon da ya yaɗu, tana kuma isa ƙwaƙwalwa. Idan ALK ne, akwai alectinib da makamantansa. Da za a yi garaje a ba ki allurar zaburar da garkuwar jiki irin pembrolizumab, sannan daga baya a koma osimertinib, haɗarin kumburin huhu mai tsanani zai ƙaru, ga shi allurar ba ta cika aiki a kan irin wannan ƙari ba. A ganina likitanki ya yi daidai. Idan dai numfashi ya soma yi miki wuya ko kika ga jini a tari, koma wurinsa nan take.

Mako biyu ke nan ina shan sertraline miligiram 50, ban ji wani sauyi ba sai tashin zuciya. In daina?

Kada ka daina tukuna. Tashin zuciyar yakan lafa bayan mako ɗaya ko biyu, kuma shan maganin bayan cin abinci na rage shi. Amfanin kuwa ba ya bayyana sosai sai mako na biyu zuwa na huɗu, kuma ba a yanke hukunci kafin mako huɗu zuwa shida.

Likitoci da yawa suna amfani da takardar PHQ-9, mai tambayoyi tara da maki daga 0 zuwa 27. Idan makin ya ragu da rabi, maganin ya karɓe ka. Ƙasa da 5 ana ɗauka an samu sauƙi. Idan bai motsa ba, ba a fara da canza magani. Sai an tambaya: ana shan sa kullum? Akwai giya ko wata ƙwaya a gefe? An gwada maƙoƙo da yawan jini? Sannan tambayar da aka fi mantawa da ita: ka taɓa yin kwanaki kana jin ƙarfi fiye da kima, ba ka buƙatar barci, kana kashe kuɗi ba lissafi? Idan haka ne, ciwon na iya zama mai hawa da sauka, wanda maganin damuwa shi kaɗai kan tayar da shi. Bayan an share waɗannan ne ake ƙara adadin, har zuwa 200, ko a koma wani. Idan an warke, a ci gaba da sha aƙalla wata shida, a kuma janye shi sannu a hankali.

Abu ɗaya ne ba ya jira: tunanin kashe kai ko rashin natsuwa mai tsanani a makonnin farko, musamman ga wanda bai kai shekara 25 ba. Wannan a ga likita a ranar.

Ƙanena yana shan clozapine saboda tabin hankali, yana kuma zuƙar kwalin sigari guda a rana. Yana so ya bari. Akwai matsala?

Niyyarsa ta yi kyau, sai dai a sanar da likitansa kafin ranar da zai ajiye. Hayaƙin taba na zaburar da wani sinadarin hanta, CYP1A2, wanda ke narkar da clozapine da makamancinsa olanzapine. Shi ya sa mashayi ke buƙatar adadi mai yawa. Da ya daina, cikin kamar mako guda hantar za ta rage gudu, maganin ya taru a jini. Alamomin su ne yawan barci, dalalar miyau, jiri, cushewar ciki, wani lokaci har jijjiga. Likita yakan auna yawan maganin a jini, sannan ya rage shi da kashi ɗaya cikin uku ko har rabi. Hayaƙin ne ke yin wannan aiki, ba nikotin ba, don haka filastar nikotin ba za ta hana taruwar ba. Idan kuma ya koma shan sigari a ɓoye bayan an rage, maganin zai gaza, ciwon ya dawo. Kada ya tsallake clozapine da kansa, domin idan an wuce awa 48 ba a sha ba, sai an sake farawa daga ƙaramin adadi.

Na sha sigari shekara 30, yanzu ina da 55. Bari zai amfane ni? Hoton ƙirji ya isa bincike?

Zai amfane ka. Bayan shekara 10 zuwa 15 da bari, haɗarin sankarar huhu na raguwa da kusan rabi. Hoton ƙirji na X-ray ba ya kama ƙananan ƙari da wuri. Wanda ake yi shi ne CT mai ƙarancin haske sau ɗaya a shekara. Ƙa'idar Amurka ta 2021 ta ware shi ga masu shekara 50 zuwa 80 da suka sha kwali guda a rana na shekara 20 ko daidai da hakan, waɗanda har yanzu suna sha ko ba su wuce shekara 15 da bari ba. Wannan na wanda ba ya jin komai ne. Idan kana da tarin da ya haura mako uku, ko jini a majina, ko rama, ko dushewar murya, je a duba ka yanzu, a gwada tarin fuka tare da sankarar, domin alamominsu na kama da juna.