Zane ne ko rubutu? Tambaya kan sunayen mutanen Aztek

Wata malamar firamare daga Zariya ta aiko da tambaya: "Malam, na ga hoton wani tsohon littafi na Meziko inda aka zana maciji kusa da kan wani sarki, aka ce sunansa ke nan. A Hausa zane za mu kira wannan ko rubutu?"

Malama, ni rubutu nake kiransa. Zane shi ne ka ja layi ka fito da siffar abu, ido ya gani ya gane. Rubutu kuwa alama ce da ke sa baki ya furta kalma takamaimai.

Mutanen da kika gani su ne Aztek, harshensu Nahuwatil. Sarkin nan Itzcoatl ne, ma'anar sunansa "macijin baƙin dutse mai kaifi", shi ya sa aka zana maciji da tsinin duwatsu a gadon bayansa. Wani sarkin nasu, Chimalpopoca, "garkuwa mai hayaƙi", garkuwa aka zana masa tana tururin hayaƙi. Duka suna cikin kundin Mendoza, wanda aka yi wajen 1541, shekara ashirin bayan Sifaniyawa sun ci Tenochtitlan, babban birnin Aztek.

Iya nan, mai cewa zane ne yana da abin faɗa. Amma ki duba abin da marubutan suka yi da baƙon suna, wanda ba shi da ma'ana a harshensu. Gwamnan Sifaniya na ƙasar, Antonio de Mendoza, sai suka zana masa wani tsiro mai kaurin ganye, metl, da wata dabba mai haƙa rami kamar gafiya, tozan. A haɗa su: me-toza. Ba ruwan gwamna da tsiro ko gafiya, sautin kawai ake bukata. Kamar Bahaushe ya zana fara, ƙwaron nan, yana nufin "fara aiki", ko ya zana wuyan mutum yana nufin wahala. Wanda bai ji harshen ba, ko ya kwana yana kallo ba zai karanta ba.

Kuma ba sarakuna kaɗai ba. A ƙidayar mutanen garin Huexotzinco ta 1560 an rubuta sunayen dubban talakawa masu biyan haraji haka.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne siririn layin da suke ja daga alamar zuwa kan mai sunan. Mu muna cewa "suna linzami ne", wato da an kira shi mai shi zai waiwayo, kamar yadda doki ke juyawa in an ja shi. Su sai da suka zana igiyar.